Daga Abuja Zuwa Seoul: Abin Da Ɗan Kasuwa Zai Karanta A Cikin Akushin Mutanen Koriya

A watan Mayu na shekarar 2010 gwamnatin Koriya ta Kudu ta buɗe cibiyar al'adunta a ginin Jihar Ribas da ke kan titin Ralph Shodeinde, a tsakiyar birnin Abuja. Ita ce irinta ta farko da ƙasar ta kafa a nahiyar Afirka. Tun daga wannan lokaci matasa ke zuwa koyon harshen Koriya da wasan tekwando da raye-rayen zamani, kana akan shirya darussa da gasar girkin abincin ƙasar. Manyan 'yan kasuwa kuwa sau da yawa ba su ko waiwayar irin wannan wuri, domin a ganinsu harkar yara ce. To, amma ƙasar da ta sayar wa duniya kayan da kuɗinsu ya haura Dalar Amurka miliyan dubu 680 a shekarar 2024 ba ta saba zubar da kuɗinta a banza ba. Ta lura cewa wanda ya saba da abincinka da waƙarka ba zai yi ƙyamar motarka ko akwatin talabijin ɗinka ba.

Wannan dabara tana da amfani ta ɓangaren namu ma, in an juya ta. Fataken da ke tashi daga Abuja da Kano da Kaduna zuwa gabashin Asiya galibi masu saye ne, su tafi da Dala su komo da kwantena. Wanda ya zauna ya ci abinci da mutanen Koriya da idonsa a buɗe zai ga abu biyu. Na farko, a kan wannan teburi ne ake ƙulla amanar da ciniki ke tafiya a kanta. Na biyu, wani sashe na abin da ke cikin kwanukan, musamman riɗi, manoman Jigawa da Nasarawa da Binuwai ne ke noma irinsa.

Tsohuwar hulɗa, amma ta gefe guda

Nijeriya da Koriya ta Kudu sun ƙulla hulɗar jakadanci a watan Fabrairu na 1980. Shugaba Chun Doo-hwan ya ziyarci Legas a 1982 zamanin Alhaji Shehu Shagari. A watan Maris na 2006 Shugaba Roh Moo-hyun ya zo Abuja, inda ya yi shelar shirin ƙasarsa na tallafa wa ci gaban Afirka, sa'an nan a watan Nuwamba na wannan shekara Shugaba Olusegun Obasanjo ya halarci taron farko na Koriya da Afirka a Seoul. Shugaba Muhammadu Buhari shi ma ya je birnin a watan Oktoba na 2022. A taron ƙolin Koriya da Afirka na watan Yunin 2024, wanda ƙasashe 48 suka halarta, Koriya ta yi alkawarin ɗaga tallafinta ga nahiyar zuwa Dala miliyan dubu 10 ya zuwa shekarar 2030, da kuma lamunin Dala miliyan dubu 14 ga kamfanoninta masu sayar da kaya da yin ayyuka a Afirka.

Sawun kamfanonin nan a fili yake. Samsung Heavy Industries ne ya ƙera babbar tashar tattara ɗanyen mai mai shawagi a teku ta rijiyar Egina, wadda ta iso Legas a watan Janairun 2018, mai iya sarrafa ganga 200,000 a kullum. Daewoo na cikin kamfanoni uku da suka sami kwangilar sashe na bakwai na masana'antar iskar gas ta Bonny a 2020, kuma a watan Fabrairun 2023 ya sa hannu da kamfanin NNPC a kan aikin gyaran matatar mai ta Kaduna, na kimanin Dala miliyan 740. Ga Hyundai da Kia a kan tituna, ga LG da Samsung a ɗakunan amare. A unguwar Piwoyi da ke kan hanyar filin jirgin sama na Abuja akwai makarantar gwaji da hukumar tallafi ta Koriya, watau KOICA, ta gina.

Abin da muke aika musu kuwa, mafi yawansa iskar gas ne da ɗanyen mai da ɗanyun ƙarafa, kayan da ƙaramin ɗan kasuwa ba ya da hannu a cikinsu. Abin tunani a nan shi ne, a farkon shekarun 1960 abin da ɗan Koriya ke samu a shekara bai yi wa na ɗan Nijeriya wani nisa ba. Sai a 1964, lokacin da dalar gyaɗa ke tsaye a Kano, Koriya ta fara sayar da kayan Dala miliyan 100 a shekara, har ta keɓe ranar murna domin haka. Kifi da ciyawar teku da gashin kanti da falankin katako take sayarwa a wancan zamani. A 1977 ta kai miliyan dubu 10, a 1995 ta kai miliyan dubu 100. Ƙasar ba ta kai faɗin jihohin Neja da Kaduna a haɗe ba, kusan kashi 70 cikin 100 nata duwatsu ne, ga mutane sama da miliyan 51. Saboda haka in aka haɗa da abincin dabbobi, kusan kashi ɗaya cikin biyar kaɗai na hatsin da take bukata take nomawa. Sauran sai ta saya.

Hanya da abin da ake shiryawa

Ofishin jakadancin Koriya ta Kudu yana unguwar Maitama a Abuja, yana kuma da reshe a Legas, inda ofishin hukumar bunƙasa ciniki ta ƙasar, KOTRA, yake. Mai zuwa ganawar kasuwanci ko baje koli yakan nemi bizar gajeren zango, wadda ba ta wuce kwana 90, kuma ginshiƙinta shi ne takardar gayyata daga kamfanin Koriya mai rajista, tare da shaidar rajistar kamfanin mai tafiyar da bayanin asusun ajiyarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya jira sai saura mako biyu a buɗe baje koli kafin ya nemi biza, ya shirya asarar kuɗin rumfa.

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Nijeriya zuwa Koriya. Daga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe akan bi ta Adis Ababa ko Doha ko Istanbul, a sauka a filin Incheon, wanda aka buɗe a 2001. In an haɗa da zaman jiran jirgi, tafiyar takan ci kusan kwana guda. Agogon Koriya yana gaban namu da sa'a takwas, watau lokacin da ma'aikata ke isa ofis a Abuja da ƙarfe takwas na safe, ƙarfe huɗu na yamma ya yi a Seoul, ana haramar tashi. Duk mai son amsa a rana guda sai ya aika saƙonsa da asuba.

Akwai wani kuskure da matafiyanmu ke yawan yi da kyakkyawar niyya. Sanin cewa abincin halal zai yi wuya, sai mutum ya cusa kilishi da dambun nama a jaka. Dokar Koriya ta hana shiga da nama ko abin da aka yi da nama ba tare da izini ba, kuma tun daga 2019 tarar rashin bayyana shi tana iya kaiwa won miliyan 10. Ɗanyun 'ya'yan itatuwa da iri su ma sai an bayyana su ga jami'an duba tsirrai, saboda haka samfurin riɗi ko citta da aka ɗauko domin nuna wa abokin ciniki a nuna shi a bakin shiga, kada a ɓoye. Kuɗin da ya wuce Dala 10,000 ana bayyana shi a wajen fita Nijeriya da wajen shiga Koriya.

Daga Incheon jirgin ƙasa mai sauri yana kai mutum tsakiyar Seoul cikin ƙasa da sa'a guda. Jirgin KTX, wanda ya fara aiki a 2004, yana haɗa Seoul da Busan, babbar tashar jiragen ruwan ƙasar, cikin kimanin sa'a biyu da rabi. Masu neman yadi sukan nufi kasuwar Dongdaemun ko birnin Daegu, masu kayan lantarki su nufi Yongsan, masu motoci na hannu da kayan gyara su nufi Janganpyeong ko filayen dillalai da ke kusa da tashar ruwa ta Incheon. Motocin Koriya sitiyarinsu a hagu yake, daidai da tsarin da Nijeriya ta koma a 1972, ba kamar na Japan ba. Dangane da yanayi kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu ruwa na daskarewa a waje, sanyin Jos wasa ne a kansa, a watan Yuli kuma damina ce mai ƙarfi.

Abin da ke cikin kwanukan

Baƙo zai fara mamakin yawan kwanuka. Ana ba kowa shinkafarsa da miyarsa, sa'an nan a jera ƙananan kwanuka na mahaɗi a tsakiya, waɗanda suke kira banchan, kowa ya riƙa ɗiba. A gidajen abinci ba a biyan kuɗin waɗannan, in sun ƙare a ƙaro. Shinkafar gajera ce mai danƙo, ba mai ba gishiri, ta fi kusa da wadda matanmu ke zaɓa domin tuwo. Ana ci da cokali da tsinkaye biyu na ƙarfe, kuma ba abin kunya ba ne baƙo ya nemi cokali mai yatsu.

Sarkin mahaɗin shi ne kimchi. Kabeji ne ko wani nau'in farin tushe mai kama da karas, a jiƙa shi da gishiri, a cuɗe shi da garin barkono da tafarnuwa da citta da ruwan kifi ko ƙananan jatan lande, a rufe ya yi tsami. Asalinsa dabarar ajiye ganye ce domin watannin sanyi da ƙasa ba ta fid da komai, kamar yadda ake shanya kuɓewa da kuka da kauɗar tumatir a nan. A ƙarshen kaka dangi da maƙwabta sukan taru su haɗa na shekara, tamkar gayya, kuma hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada cikin jerin al'adun duniya a 2013.

Wanda ya tashi da miyar kuka ba zai daɗe yana baƙunta a teburin nan ba, domin mutanen Koriya ma masu daddawa ne. Sukan dafa waken suya, su kirɓa, su cura shi kamar tubali, su rataye ya bushe, sa'an nan su jiƙa shi a ruwan gishiri cikin manyan randunan ƙasa har watanni. Ruwan da ya tsatso shi ne baƙin romon da suke sa wa kusan kowane girki, dusar kuma ita ce doenjang, wadda ake miya da ita. Akwai wata mai suna cheonggukjang da ke nuna cikin kwana biyu ko uku, warinta da na daddawar kalwa kamar an tsaga kara, kuma ba abin mamaki ba ne, domin ƙwayar halitta iri ɗaya ce ke ruɓar da su. Ta uku ita ce gochujang, jan kwaɓin barkono mai ɗan zaƙi. UNESCO ta karɓi al'adar haɗa waɗannan a watan Disamban 2024.

Sai gashi. Bulgogi naman sa ne da aka yanka fale-fale, aka jiƙa a romon waken suya da sukari da tafarnuwa da man riɗi, ana gasa shi a kan teburi gaban masu ci, a naɗe a ganyen latas. Ma'abocin tsire da balangu zai gane shi nan take. Bibimbap shinkafa ce da ganyaye da ƙwai da ake cakuɗawa, kusan kwaɗo. Samgyetang kuwa 'yar budurwar kaza ce da aka cusa wa shinkafa da saiwar jinsin, ana shan romonta a tsakiyar zafi.

A nan ne fa Musulmi zai yi taka-tsantsan. Naman alade shi ne naman da aka fi ci a ƙasar, kuma gashin da aka fi kai baƙo, samgyeopsal, na alade ne. Haɗarin bai tsaya ga abin da ido ke gani ba. Romon miya da na taliya sau da yawa na ƙashin alade ne, naɗin shinkafa na gimbap yakan ƙunshi yankan naman gwangwani, akan zuba giyar shinkafa a wajen jiƙa nama, wasu kamfanoni kuma sukan sa barasa kaɗan a gochujang domin kada ya lalace. Naman sa da na kaza a gidajen abinci na gama-gari ba yankan Musulmi ba ne. Kalmomi huɗu za su yi wa matafiyi amfani: dwaeji-gogi alade, sul giya, saengseon kifi, dak kaza. Mafi sauƙi shi ne a sa tafinta ya rubuta bayanin abin da ba a ci da harufan Koriya a ƙaramin kati, a riƙa miƙa wa mai kawo abinci. Kifi da sauran kayan teku suna da yawa ƙwarai, ga kuma gidajen da ke girkin masu bin addinin Buddha, wanda ba nama a cikinsa sam.

Babban Masallacin Seoul yana kan tudu a unguwar Itaewon. An buɗe shi a watan Mayun 1976, kuma Musulunci ya kafu a ƙasar a wannan zamani ta hannun sojojin Turkiyya da suka je yaƙin 1950 zuwa 1953. Titin da ke hawa zuwa masallacin cike yake da gidajen abinci da shagunan halal, kuma a unguwar akwai 'yan Nijeriya da suka daɗe suna fatauci. Tarayyar Musulmin Koriya ce ke ba da shaidar halal. Hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta kasa gidajen abinci huɗu: masu shaidar halal, waɗanda mai gidan Musulmi ne ya shaida da kansa, masu wasu girke-girken halal amma suna iya sayar da giya, da waɗanda alade kawai babu. Kada a ɗauki na huɗu a matsayin na farko. Akwai ɗakin salla a filin jirgin Incheon da zauren baje koli na COEX. Wani abu da ke rikita Bahaushe a ranar farko shi ne alƙibla. Mun saba cewa a fuskanci gabas, to a Seoul yamma ake fuskanta, a ɗan karkata arewa.

Ladabin teburi da ladabin ciniki

Da yawa daga al'adun ba baƙi ba ne gare mu. Ana tuɓe takalmi kafin a shiga gida da wasu gidajen abinci, akan zauna a ƙasa, ba a fara ci sai babba ya sa hannu, ana miƙa abu da karɓarsa da hannu biyu, ko da dama ana tallafe da hagu. Ba a kiran babba da sunansa tsagwaro, sai sunan zuriya da muƙami, shugaban kamfani kuma a ce masa sajangnim. Da yake kusan rabin mutanen ƙasar Kim ne ko Lee ko Park, katin suna da muƙami ba ado ba ne, da shi ake bambance mutane. A karɓe shi da hannu biyu, a karanta, a ajiye a kan teburi, kada a cusa shi a aljihun wando. Ba a kafa tsinkayen ci a tsaye cikin shinkafa, domin haka ake yi wa matattu. Ba a rubuta sunan rayayye da jan alƙalami. Ba a kuma ba ma'aikacin gidan abinci tukuici.

Inda muka sha bamban shi ne giya da lokaci. Cin abincin dare na abokan aiki, wanda suke kira hoesik, ya saba tafiya da giyar soju, kowa na zuba wa ɗan'uwansa, kuma a nan ne ake auna halin baƙo. Wasu matafiya, don gudun wannan, sai su ƙi gayyatar baki ɗaya su koma masauki. A ganinmu wannan kuskure ne mai tsada. Mai masauki zai ɗauka an guje shi ne, ba giyar ba. Abin da ya fi shi ne a sanar da shi tun kafin ranar cewa addini ya hana giya da alade. Kamfanonin Koriya sun yi aikin gine-gine a ƙasashen Larabawa tun shekarun 1970, saboda haka zancen ba sabo ba ne gare su. Ana iya neman a mai da ganawar ta zama ta abincin rana, ko kuma baƙo ya gayyaci mai gida zuwa gidan abincin halal a Itaewon ya biya da kansa, domin a al'adarsu wanda ya yi gayya shi ke biya, kuma ana sa ran a rama. In jami'in gwamnati ne, ko malami ko ɗan jarida, a tuna da dokar hana toshiyar baki ta 2016, wadda ta ƙayyade kuɗin abincin da za a saya masa. A watan Agustan 2024 aka ɗaga iyakar daga won 30,000 zuwa won 50,000, ƙasa da Dala 40 ke nan.

Game da lokaci, kalmar da baƙo zai fi ji ita ce ppalli-ppalli, watau maza-maza. In an ce ƙarfe goma, ana nufin goma saura minti biyar. In an ce kaya za su hau jirgi ranar 15, ba a karɓar uzurin rashin mota ko yajin aiki sau biyu. Haka kuma ɗan Koriya ba ya son cewa a'a a bainar jama'a. In ya ce zai duba, ko abin zai yi ɗan wuya, sau da yawa ya riga ya ƙi. A kuma kauce wa bukukuwa biyu, Seollal na sabuwar shekarar wata a Janairu ko Fabrairu, da Chuseok na kaka a Satumba ko farkon Oktoba. Kowanne hutun kwana uku ne, ofisoshi a rufe, hanyoyi a cunkushe.

Riɗi, da ƙunƙuntar ƙofarsa

Wanda ya lura zai ga da wuya a ajiye kwano a gabansa ba a barbaɗa masa soyayyen riɗi ko an ɗiga masa man riɗi ba. Abin da Koriya ke nomawa kaɗan ne daga bukatarta, mafi yawa daga waje take saye, musamman Sin da Indiya, sai wasu ƙasashen Afirka, har da Nijeriya. Riɗi na cikin manyan kayan da Nijeriya ke fitarwa in ban da mai, daga kasuwanni irin su Maigatari da Dawanau da Doma, amma akasarinsa Japan da Sin da Turkiyya yake nufa.

Dalilin yana cikin tsarin kuɗin fito. Koriya tana kare manomanta da katanga mai tsawo. An ƙayyade wani adadi na riɗi da za a shigar a kan kuɗin fito na kashi 40 cikin 100, abin da ya wuce wannan kuwa kashi 630 ne. Hukumar cinikin amfanin gona ta gwamnati, wadda aka fi sani da aT, ita ke riƙe da mafi yawan wannan kaso. Takan yi shelar neman kaya lokaci-lokaci, kamfanonin da suka yi rajista su gabatar da farashi, ta zaɓa. Bugu da ƙari, yarjejeniyar ciniki ta 2015 ta ba Sin damar shigar da tan 24,000 a shekara ba tare da kuɗin fito ba, alhali Nijeriya ba ta da irin wannan yarjejeniya da Koriya. Ma'anar wannan ita ce, ba a loda kwantena a je neman mai saye a Busan. Sai an sami wakili ɗan ƙasa da ya san ranakun shelar da sharuɗɗanta, kuma irin wannan wakili a teburin cin abinci ake samun yardarsa.

Barkono da citta sun fi wuya. Kuɗin fiton busasshen barkono da ya wuce kaso kashi 270 ne, na citta kuma ya haura kashi 370. 'Yan kasuwar Sin sun daɗe da gano hanyar shigar da barkonon a daskare a kan kashi 27, a busar da shi a can, abin da nisa ba zai bar mu mu yi ba. Barkonon da ake kimchi da shi ma mai sauƙin yaji ne da ɗan zaƙi, namu ya fi ƙarfin bakinsu. Cittar Kaciya da Kagarko tana da suna a duniya, amma annobar da ta faɗa wa gonakin kudancin Kaduna a 2023 ta karya amfanin, ta ɗaga farashi. Ya fi kyau a dubi kayan da manomin Koriya ba ya nomawa, saboda haka ba wanda ake karewa daga gare su, irin su yazawa da ƙaro da zoɓorodo da man kaɗanya. Kayan kwalliyar da Koriya ta sayar a waje sun haura Dala miliyan dubu 10 a 2024, kuma man kaɗanya na shiga cikin haɗin da yawa daga cikinsu. A watan Agustan 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwaran kaɗanya na wata shida, da nufin a riƙa tatse man a gida.

Katanga ta biyu ta fi ta kuɗin fito haɗari, domin ita kan cinye jari baki ɗaya. Daga ƙarshen 2016 Koriya ta fara aiki da wata ƙa'ida a kan kayan da ake tatsar mai daga gare su, ciki har da riɗi, sa'an nan daga Janairun 2019 ta game dukkan amfanin gona. Ƙa'idar ta ce duk maganin ƙwarin da ba a ƙayyade masa iyaka a kan wannan amfani ba, ragowarsa kada ta wuce miligiram 0.01 a kilo guda. Domin mai karatu ya gane ƙanƙantar wannan, giram ɗaya ke nan a cikin tan 100, lodin fiye da tirela uku. Buhun da aka taɓa zuba wake mai magani a ciki, ko sito da aka yi wa feshi domin gyaɗa, ya isa ya sa a mai da kaya ko a ƙone su, kuɗin jirgi da na ajiya a wuyan mai kaya. Ba mu manta ba, a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda irin maganin da ake kira ota-fiya-fiya. Ana kuma binciken gubar fumfuna, wadda ke kama riɗin da aka tara bai gama bushewa ba.

Saboda haka rabin aikin a Abuja da Dawanau ake yinsa kafin a hau jirgi. Ana bukatar rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki ta Nijeriya, wadda hedkwatarta ke Maitama, da takardar shaidar lafiyar tsirrai daga hukumar killace amfanin gona, da cike takardar NXP ta hannun banki, wadda ke wajabta dawo da kuɗin cinikin gida cikin kwana 180. Sama da waɗannan, sai sakamakon gwaji daga ɗakin gwaje-gwajen da mai saye ya amince da shi, a kan ainihin kayan da za a loda, ba a kan wani zaɓaɓɓen mudu da aka tsince da hannu ba. Ɗan Koriya yakan gwada kwantena da samfurin da aka ba shi, in sun saɓa ba ya yawan gardama, sai dai ba zai sake amsa waya ba.

Wurin da ya fi dacewa a fara shi ne baje kolin abinci na Seoul Food, wanda KOTRA ke shiryawa kowace shekara tun 1983, kuma ake yi a zauren KINTEX da ke wajen birnin a ƙarshen bazararsu, wajen Mayu ko Yuni. Wanda ya je, ya keɓe safiya guda domin kasuwar Garak, babbar kasuwar sarin amfanin gona ta Seoul, da kasuwar Gyeongdong ta saiwoyi da busassun kaya, inda akwai ƙananan injinan tatsar man riɗi a jere. Doka ta wajabta rubuta ƙasar asalin kaya a jikin kowane buhu, saboda haka da taimakon tafinta mutum zai iya karanta daga ina kowane riɗi ya fito, ya duba haskensa da tsabtarsa, ya tambayi farashin kilo, ya gwada da na samfurin da ke jakarsa.